Kauri, Nauyi da Tallafin Ruwa: Abin da Hausa Ta Sani da Abin da Ya Rage Mata



Tun ranar da aka manna sanarwar wannan lacca, abokan aiki biyu ko uku suka tare ni suna tambaya, wai me ya haɗa kifi da kaska? Watau ina ruwan malamin Hausa da halayen ruwa da mai da iska, alhali kuwa ga masana kimiyya jingim a jami'a? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka da amsarta zan fara.

Abin da ya kawo ni shi ne wata matsala wadda rabinta ta kimiyya ce, rabinta kuma ta harshe. Bahaushe ya daɗe da sanin halayen abubuwan da ke kwarara. Sanin yana hannun matan da ke dama kunu, da masu rege hatsi, da masunta, da makanikai. Amma idan aka zo ga faɗar abin da baki, sai a tarar akwai halaye uku daban-daban waɗanda muke cakuɗa su. Muddin kuwa ba mu ware wa kowannensu sunansa ba, ba za mu iya koya wa yaro su ba, ba kuma za mu iya rubuta su cikin doka ba. Kafin in zauna zan nuna muku cewa wannan cakuɗawa tana cin rayuka.

Abu mai kwarara

Da farko sai mu san abin da muke magana a kansa. Idan ka ɗauki dutse ka sa shi cikin ƙwarya, yana nan da siffarsa. Idan ka zuba ruwa cikin ƙwarya sai ya ɗauki siffar ƙwarya, in ka juye shi cikin buta ya ɗauki ta buta. Duk abin da ba shi da siffa tasa ta kansa, wanda kuma ko yaya aka tura shi zai gusa ya malala, shi ne zan riƙa kira abu mai kwarara. Ruwa yana ciki, da mai, da zuma, da jini, da narkakken ƙarfe a maƙera. Iska ma tana ciki, da hayaƙi, da tururi, ko da yake ido bai cika ganin kwararar tasu ba.

Hali na farko: kauri

A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Muna cewa kunu ya yi kauri kirtib, muna cewa ya tsinke, ko ya yi tsululu. Muna da salala. Muna kuma bambanta kauri da danƙo, mu bambanta danƙo da yauƙi. Danƙo shi ne mannewa a jikin wani abu, kamar yadda ƙaro ke yi. Yauƙi shi ne jan zare, irin na kuɓewa da karkashi. Masana kimiyyar zamani sun tabbatar da cewa waɗannan halaye ne mabambanta, kowanne da hanyar auna shi, ga shi kuwa kakanninmu mata sun raba su tun a bakin murhu.

To, mene ne kauri a wurin masanin kimiyya? Shi ne gardamar da abu mai kwarara yake yi wa gudu. Ku ɗauka ruwan da ke cikin kwata shimfiɗa-shimfiɗa ne, wata bisa wata. Ta can ƙasa tana manne da kwatar, ba ta motsi. Ta bisanta tana zamewa a kanta, ta gaba kuma tana zamewa a kan wannan. Gogayyar da ke tsakanin shimfiɗun nan ita ce kauri. Isaac Newton na Ingila ne ya fara bayyana wannan da lissafi, cikin littafinsa na shekarar 1687.

Ana auna kauri, kuma an saba gwada kowane abu da ruwa. Idan aka ba ruwa lamba 1, man gyaɗa zai sami wajen 60 zuwa 80, zuma kuwa sai a dubbai. A can ƙarshen layin akwai kwalta. A shekarar 1927 wani malamin Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya, Thomas Parnell, ya zuba kwalta a mazurari domin ya nuna wa ɗalibansa cewa ita ma mai kwarara ce, ko da yake in aka buga mata guduma fashewa take yi. Ɗigo na tara bai sauka ba sai a shekarar 2014.

Abu biyu nake so ku riƙe game da kauri. Na ɗaya, a ruwa da mai da ire-irensu, zafi yana rage shi, sanyi yana ƙara shi. Kowa ya ga yadda manja da man shanu ke yin barci da hunturu, sai an kai su rana ko kusa da wuta. Ruwa kansa, idan ya kai ga tafasa, kaurinsa bai kai sulusin na ruwan randa ba. Wannan ne ya sa ake rubuta lamba biyu a jikin galan ɗin baƙin mai, alal misali 20W-50. Ta farko tana faɗar halin man da sanyin asuba, ta biyu kuma halinsa bayan inji ya ɗau zafi. Man da ya tsinke da yawa ba zai hana ƙarfe cin ƙarfe ba, wanda ya yi kauri da yawa kuma ba zai isa saƙo-saƙon inji da wuri ba. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen mai domin motocin ma'aikata ya kamata ya san ma'anar lambobin da yake sa wa hannu.

Na biyu, ƙuncin hanya yana tsananta aikin kauri fiye da yadda hankali ke zato. Wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille, wanda ya yi bincike kan gudun jini wajen shekarar 1840, ya gano cewa idan abu yana tafiya a natse cikin siririn bututu, aka rage faɗin bututun da rabi, to abin da zai wuce zai koma kashi ɗaya cikin 16. Jinin mutum ya fi ruwa kauri kamar sau uku zuwa huɗu. Da wannan za ku gane dalilin da ya sa 'yar toshewa kaɗan a jijiya take jigata zuciya, da kuma dalilin da ya sa likitoci ke matsa wa masu ciwon sikila su yawaita shan ruwa.

Hali na biyu: nauyin mudu

A nan ne harshenmu ya fara tuntuɓe. Tambayi yaro, da ƙarfe da auduga wanne ya fi nauyi? Nan take zai ce ƙarfe. Ce masa, to da allura da buhun auduga fa? Sai ya yi shiru. Yaron bai yi kuskure ba, kalmar ce take ɗauke da ma'ana biyu. Akwai nauyin abu gaba ɗayansa, wanda sikeli ke nunawa. Akwai kuma nauyin da ke cikin jinsin abin, wanda ba ya sākewa ko abin ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

'Yan kasuwarmu sun san na biyun sarai. Mudun gero da mudun dusa cikarsu ɗaya, amma kowace mace ta san wanda zai fi danne mata hannu. Saboda haka nake ba da shawara mu kira wannan hali nauyin mudu, watau nauyin da abu yake da shi idan an cika ma'auni guda da shi. Mudun kasuwa yana bambanta daga gari zuwa gari, mudun masana kimiyya kuwa ɗaya ne a duk duniya, shi ne lita.

Litar ruwa kilo ɗaya ce. Litar kananzir wajen giram 800, ta fetur ba ta kai haka ba, ta man gyaɗa giram 910 da 'yan kai. Litar madara kilo 1.03, ta zuma wajen kilo 1.4. Ƙarfe ya kusa kilo 8, azurfa 10.5, zaiba 13.6, zinariya 19.3.

Yanzu ku dubi inda muke cakuɗawa. Sau da yawa in abu ya yi kauri sai mu ce ya yi nauyi. Amma man gyaɗa ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, duk da haka in ka zuba shi a miya sai ya taso sama, domin nauyin mudunsa bai kai na ruwa ba. Zaiba kuma ta ninka ruwa nauyi sau 13 da rabi, amma tana gangarawa kusan kamar ruwa. Ashe kauri daban, nauyin mudu daban, kowanne da aikinsa. Nauyin mudu shi ke yanke hukuncin wanda zai hau da wanda zai sauka. Kauri kuwa iyakarsa ya ce da sauri ko a hankali.

Matar da ke rege gero da wannan ilmi take aiki: ƙaiƙayi ya taso, tsaba ta biyo ruwa, tsakuwa ta kwanta a gindin ƙwarya. Mai kaɗa nono ma haka, man shanu ne ke tasowa ta kwashe. Mai cajin batir da ke zuƙo ruwan batir cikin 'yar kwalba mai ɗan tsinke a ciki, nauyin mudu yake aunawa, domin ruwan batirin da ya cika caji ya fi na wanda ya sauka nauyi. Da irin wannan ma'auni ake kama madarar da aka yi wa algus da ruwa, da shi kuma ake duba man fetur a manyan rumbuna.

Rashin sanin wannan hali kuwa yana da haɗari. Wanda ya watsa ruwa a kan gobarar fetur ko ta man suya, ya taimaki wutar ne, domin man zai hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya malala. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka in tukunya ta yi yoyo, a ƙasa take taruwa. Muguwar iskar da ke kashe masu yasar rijiya ita ma don nauyinta take kwanciya a can ƙasa, shi ya sa gwanayen aikin suke fara zura fitila su ga ko za ta mutu. Irin wannan iska ce ta fito daga tafkin Niyos na ƙasar Kamaru a watan Agusta na 1986, ta bi kwaruruka kamar ambaliya, ta hallaka mutane fiye da 1,700.

Hali na uku: tallafin ruwa

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san cewa guga ba ya nauyi sai ya rabu da ruwa. Duk wanda ya taɓa danna ƙwarya cikin kududdufi ya ji yadda ruwa ke ture ta sama. Muna da kalmomin sakamakon abin: tasowa, nutsewa, iyo, yawo a kan ruwa. Ƙarfin da ke haddasa su ne ba mu raɗa wa suna ba. Ni ina ganin tallafin ruwa ya dace da shi, domin tallafa ita ce sa hannu a ƙarƙashin abu a riƙe shi kada ya faɗi.

Daga ina tallafin yake fitowa? Ruwa yana matsa duk abin da ya shiga cikinsa ta kowace fuska, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Ke nan matsin da ke ƙarƙashin abin ya fi wanda ke bisansa, rarar da ke tsakani ita ce ke ɗaga shi.

Wanda ya fara auna wannan shi ne Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ƙa'idarsa ita ce: duk abin da ya shiga ruwa, ruwa zai tallafe shi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar ya zauna a gurbinsa. Akwai labarin da ake bayarwa, wanda aka rubuta kimanin shekara 200 bayan rasuwarsa, cewa Sarki Hiyero ya zargi maƙerin farfaru da cakuɗa masa azurfa cikin kambin zinariya, ya sa Arkimidis ya binciko ba tare da ya lalata kambin ba. Ko labarin ya faru yadda aka faɗa ko an ƙara masa gishiri, lissafinsa daidai ne. Kilo ɗaya na zinariya yana kawar da ruwa mililita 52, kilo ɗaya na azurfa kuwa mililita 95, saboda haka algus ba shi da wurin ɓuya. Malaman Musulmi sun ɗauki wannan ilmi sun kai shi gaba. Al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya auna nauyin mudun ƙarafa da duwatsu masu daraja, alkaluman da ya samu kuwa sun yi kusa ƙwarai da na yau. Al-Kazini na birnin Marwa ya kammala littafinsa Mizanul Hikma wajen shekarar 1121, a kan sikelin da ake aunawa da shi cikin ruwa.

Daga ƙa'idar nan komai ya fito fili. Abin da nauyin mudunsa ya fi na ruwa zai nutse, wanda bai kai ba zai taso. Mai sayar da ƙwan zabi yakan ajiye kwanon ruwa a gabansa: ƙwai mai kyau ya kwanta, tsohon ƙwai ya taso, domin ruwan cikinsa ya tsane ta ɓawo, iska ta maye gurbinsa. Allura tana nutsewa, amma jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa, domin an buɗe cikinsa kamar kwano, in aka haɗa ƙarfen da iskar da ke ciki, nauyin mudunsu bai kai na ruwa ba. Masuntan Argungu da ke kifa ciki a kan gora a Matan Fada, da ƙa'idar Arkimidis suke aiki.

Kwalekwale

Jama'a, yanzu na iso inda na nufa. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse da ɗimbin mutane kusa da Warra a Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu kuwa yara ne 'yan makarantar Islamiyya. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu da rahama. Dalilan irin wannan haɗari suna da yawa, akwai tafiyar dare, da kututturan da ke ɓoye cikin ruwa, da tsufan jirage. Amma dalilin da ya fi yawan fitowa a bakin waɗanda suka tsira shi ne lodi fiye da kima.

Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Lodin da jirgi zai iya ɗauka abu ne da ɗan aji shida zai lissafa. Bari in ba da misali. A ce ga kwalekwale wanda in an danna shi har baki zai kawar da ruwa duro 20, kowane duro lita 200. Lita 4,000 ke nan, watau iyakar tallafin da kogi zai ba shi kilo 4,000 ne, ko da wa ke tuƙi. Dole a bar rubu'i saboda igiyar ruwa da tangaɗi, saura 3,000. A cire nauyin jirgin da injinsa, a ce kilo 1,000, saura 2,000. In kowane fasinja kilo 60 ne, mutum 33 ke nan. Kowane buhun masara mai kilo 100 da aka ɗora, ya kusa cinye gurbin mutum biyu, haka ma kowane babur. Mai jirgin da ya duba ya ga akwai sauran wurin zama, ya ce a ƙara mutum goma, ya auna fili ne, alhali kogi nauyi yake aunawa.

Ingila ma ta sha wannan masifa. A ƙarni na 19 masu jirage sukan yi lodin ganganci, ma'aikatan jirgi suna hallaka. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata har aka yi doka a shekarar 1876, wadda ta wajabta zana alama a jikin jirgi, in ruwa ya haura ta an yi laifi. Har yau manyan jiragen duniya suna ɗauke da wannan alama. Me zai hana kowace ƙaramar hukuma da ke bakin kogi ta sa a auna kwalekwalen da ke mashigarta, a ja masa layi da jan fenti? Fasinjan da bai taɓa shiga aji ba zai iya duba layi ya ce shi ba zai hau ba. Kuɗin aikin bai wuce na gwangwanin fenti da ladan mai awo ba.

Haka kuma maganar rigar ceto. Nauyin mudun jikin mutum ya yi kusa da na ruwa ƙwarai, shi ya sa in huhu ya cika da iska mutum yakan taso. Ƙarin da yake bukata kaɗan ne, rigar da ke ba da tallafin kilo 10 tana riƙe babban mutum. Jarka fanko mai lita 20, in an toshe bakinta da kyau, tallafinta ya kusa kilo 19. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, to wanda bai iya ba, ilmin jarka ma yana iya fid da shi.

Kammalawa

Tsarin ilmi na ƙasa na shekarar 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune. Tun kafin nan, daga shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara da Yarabanci shekara shida a Ile-Ife, har da lissafi da kimiyya, yaran kuwa ba su gaza ba. Hujjar da akan kawo kullum ita ce harsunanmu ba su da kalmomi. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga cewa kalmomi ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Aikin da ya rage shi ne a zauna a tsayar wa kowace kalma iyakarta, yadda in an faɗe ta a Sakkwato za a fahimci abin da aka fahimta a Damagaram.

Na kawo uku: kauri, nauyin mudu, tallafin ruwa. Ban ce ba su da aibi ba. Wani zai ce kauri yana nufin kaurin katako ma, wani ya ce mudu bai dace da iska ba. Ina maraba da wanda zai kawo waɗanda suka fi su. Roƙona ga malaman kimiyya shi ne su zo mu zauna tare, domin su suka san abin, mu kuma muka san harshen. Roƙona ga ɗalibai, in kun je hutu ku zauna da masunta da makanikai da iyayenmu mata, ku rubuto yadda suke faɗar waɗannan abubuwa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ku kuma ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomin da ke bakin ruwa, ina fata kafin damina mai zuwa wani daga cikinku zai kai maganar jan layin nan gaban shugabansa a rubuce.